Taubashina da Jarrabawar Gas

Labarin da na kawo maka yau daga nesa ya taso, daga ƙasar Ingila. Amma in ka yi haƙuri ka bi ni har ƙarshe, za ka ga a gindin murhun gidana ya sauka.

Ni malamin karatun manya ne. Na yi makarantar horon malamai, kuma na fi shekara goma da alli a hannu. Da ka tambaye ni yadda ake shirin jarrabawa, da na ce maka wannan ai gonata ce. To, wani mai gyaran famfo ya nuna mini akwai sauran karatu a gabana.

Wane ne shi?

Ɗan kawuna ne, wato taubashina. A Katsina aka haife shi, can ya yi boko da Ingilishi. Ni kuwa a nan wajen Maraɗi na tashi, na yi lakwal da Faransanci. Muna yara, duk hutu tare muke yi. Tun da na zama malami ba ya kirana da sunana, sai Mushe, don tsokana.

Neman abinci ya kai shi Ingila, birnin Mancesta. Can ya koyi gyaran famfo a hannun wani ubangida. Hannunsa yana da kyau, kowa ya shaida. Yana da mata da ƴaƴa biyu, ga kuma tsohuwa a gida tana jiran abin da zai aiko.

Ingila ƙasar sanyi ce. A mafi yawan gidajensu gas ta bututu yake zuwa, ta ƙarƙashin ƙasa, kamar yadda ruwan famfo yake zuwa a birni. Da shi suke dafuwa. Da shi kuma wani inji yake ɗuma ruwa, ruwan ya zagaya ɗakuna cikin bututu, gida ya yi ɗumi. Saboda haka mai gyaran famfon da ba shi da izinin taɓa gas, rabin sana'a ke gare shi. Taubashina yakan yi aikin ruwa duka, in an zo kan gas sai ya ja baya, wani ya zo ya ƙarasa, ya ɗauki kuɗi mai tsoka.

Me ya sa doka ta tsananta?

Ga mafarin abin. Ran 16 ga watan Mayu na 1968, da sassafe, a gabashin birnin Landan, wata mata ta tashi za ta dafa shayi. Tana zaune a hawa na 18 na wani dogon bene mai hawa 22, ana ce da shi Ronan Point. Ashe gas yana yoyo daga inda aka haɗa murhunta da bututu, don ƙarfen da aka ɗaure wurin da shi ba mai kyau ba ne. Tana ƙyasta ashana sai ɗakin ya fashe. Kusurwa guda ta benen ta rufto. Mutum 4 suka mutu, 17 suka ji ciwo. Da aka yi bincike an ga ginin kansa yana da rauni, amma abin da ya tayar da bala'in ɗan ƙaramin mahaɗi ne wanda bai kai yatsa ba.

Bayan haka, a 1970, aka kafa wata ƙungiya ta rajistar masu aikin gas, ana kiranta CORGI. A 1991 shiga rajistar ya zama tilas. A watan Afrilu na 2009 aka sauya ta da wadda ake kira Gas Safe, ita ce ke aiki yanzu. Duk wanda ya yi wa mutane aikin gas ba ya cikin rajistar nan ya karya doka. Ana cin sa tara, har ɗauri ana yi. Wanda ke ciki kuwa ana ba shi kati mai hotonsa da lambarsa. A bayan katin an jera irin ayyukan da aka yarda ya yi. Mai gida yana da iko ya ce: nuna mini katinka kafin ka shiga.

Hanyar samun katin doguwa ce. Sabon shiga sai ya yi karatu a cibiyar horo. Sai ya bi wani gwani mai rajista wata da watanni. Duk aikin da suka yi tare ya rubuta shi, ya ɗauki hoto, gwanin ya sa hannu. In takardun nan sun cika, sannan a yarda ya shiga jarrabawar da ake kira ACS. Kashinta na farko, wanda ake ce wa CCN1, shi ne tushe, a kan tsaron lafiya da rai. Bayansa kowane irin kayan gas da tasa jarrabawa: ta murhun dafuwa daban, ta injin ɗuma ruwa daban, ta murhun jin ɗumi daban. Kuma ba a ci sau ɗaya a huta. Duk bayan shekara 5 sai an sake.

Taubashina ya bi duk matakan nan. Kuɗin da ya daɗe yana tarawa ya zuba a ciki. Da aka sa masa ranar jarrabawa sai ya kira ni da dare. Ranar babu tsokana a bakinsa. Ya ce, "Mushe, tsoro nake ji. Hannuna ya san aiki, amma rabona da takardar jarrabawa ya fi shekara goma sha biyar. In na faɗi, kuɗin sun tafi, kuma ban san da wane ido zan dubi maiɗakina ba."

Na ce masa, "Kwantar da hankalinka. Ai ka zo gidan magani."

Shawarar da ta ɓata mana lokaci

Maganin da na ba shi shi ne wanda aka ba ni: hadda. Na ce ya ɗauki littattafan, ya raba su kashi-kashi, kullum ya haddace shafi kaza. Ya bi maganata. Ya dawo aiki a gajiye, ya zauna yana cusa lambobi a ka har tsakar dare: faɗin bututu kaza, girman kafar iska kaza, tazarar kaza da kaza. Sati huɗu yana haka.

Sai cibiyarsu ta yi musu gwaji irin na share fage. Ya faɗi, faɗuwa ba ta wasa ba. Lambobin da ya haddace sun cakuɗe masa, na wannan inji ya koma na wancan. Wasu tambayoyin kuma ya san amsarsu sarai, amma gaggawa ta sa ya tsallake wata ƴar kalma. An ce, "Wanne ne ba daidai ba?" shi kuwa ya karanta, "Wanne ne daidai?"

Da ya kira ni, cikin magana sai ya ce, "Ga littattafan nan a gabana, amma ban buɗe ba, na ga ai na haddace."

Na ce, "Tsaya. Wane littafi? A ɗakin jarrabawa?"

Ya ce, "I mana. Mafi yawan tambayoyin da littafi a buɗe ake amsa su."

Ɗan'uwa, na yi shiru. A wurinmu wanda ya buɗe littafi a jarrabawa ɓarawo ne, korarsa ake yi. Ban taɓa tambayarsa yadda tasu take ba. Na ɗauka duk jarrabawa ɗaya ce. Likitan da bai tambayi ciwo ba ya ba da magani, ni ne.

Sai ya gaya mini abin da malaminsu yake faɗa musu. Ƙa'idojin gas suna da yawa, kuma ana gyara su lokaci lokaci. Lambar da ka haddace bana, wataƙila baɗi an canza ta. Mutumin da suke tsoro shi ne wanda zai tsaya a gidan mutane ya ce, "Ina jin kaza ne." Wanda suke nema shi ne mai cewa, "Bari in duba."

Ya ƙara mini da wani abu. A lakwal wanda ya samu 10 cikin 20 ya wuce. A wannan jarrabawa sai ka ci duka. In kuskurenka kaɗan ne, ana mayar maka da takarda ka sake dubawa. In ka sake kuskure, mai jarrabawa ya zaunar da kai ya tambaye ka da baki, ya ga ko ka gane. In kuskuren ya yi yawa, sai ka koma ka sake shiri. Da farko na ga kamar zalunci ne. Da na yi tunani sai na ga gaskiyarsu. Wanda ya ɗaure mahaɗi 20, 19 suka yi kyau, ɗaya yana yoyo, bai ci 19 ba. Gida ya ƙona.

Na ce masa, "Taubashi, laifina ne. Ka yafe mini sati huɗun nan."

Ya yi dariya ya ce, "Yau Mushe ya sha bulala."

Sabon shiri

Sauran sati shida. Muka sake lale. Lokacin ɗari ne, agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya. In na gama da ɗalibaina da dare, shi kuma ya dawo aiki ya ci abinci, sai mu haɗu a waya. Abu huɗu muka tsayar.

Na ɗaya, sanin hanyar littafi. Littafi kamar kasuwa yake. Ba sai ka san kuɗin kowane kaya ba, amma ka san inda ƴan hatsi suke, da inda ƴan gishiri suke. Ya koyi jerin babi na farkon littafi da jerin kalmomi na ƙarshensa. Nakan ce, "Nemo mini inda aka yi maganar kafar iska." In duba agogo. Da farko yakan yi minti biyar yana fama. Daga baya kafin in kurɓi shayi ya samo.

Na biyu, karanta tambaya sau biyu, da yatsa a ƙarƙashin kowace kalma. Haka nake sa sababbin ɗalibaina su yi. Ya ce ni zan mayar da shi ɗan aji ɗaya? Na ce ai ɗan aji ɗaya ba ya tsallake kalma.

Na uku, faɗa da Hausa. Duk abin da ya karanta da Ingilishi, sai ya bayyana mini shi da Hausa har in gane. In ya fara kame-kame, mun san bai gane ba, sai ya koma. Wannan ita ce dabarar da ta fi yi mana amfani, don mutum yana iya maimaita baƙon harshe kamar aku, amma ba ya iya ruɗin kansa da harshen uwarsa.

Na huɗu, hannu da baki tare. In yana gwada aiki, ya riƙa faɗin kowane mataki a fili, bi da bi. Gwani yakan yi aiki da sauri har ya tsallake mataki bai sani ba. Mai jarrabawa kuwa matakan yake ƙirgawa.

Hadda ba mu yar da ita duka ba. Mun bar ta ga abin da ba ya jiran buɗe littafi, wato abin da za ka yi in ka shiga gida ka ji warin gas.

Abin da ɗalibi ya koya wa malami

Da yake kullum sai ya yi mini bayani, ni ma na zama ɗalibi. Ga kaɗan daga abin da na samu.

Gas iri biyu ne. Na bututun Ingila, wanda ake kira metan, ya fi iska rashin nauyi, in ya tsere sama yake yi. Na tukunya irin wanda muke saye, wato butan, ya fi iska nauyi, in ya tsere ƙasa yake kwanciya kamar ruwa. Dukansu asalinsu ba su da wari. Da gangan ake zuba musu abu mai ɗoyi don hanci ya ba da labari.

Gas ba ya kamawa sai ya gauraya da iska. In metan ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar ɗaki, ƙyastu ɗaya ya isa. Butan kuwa kashi 2 kawai cikin 100 ya ishe shi. Ko tartsatsin da ke cikin makunnin lantarki yana iya tayar da shi.

Wuta tana cin iska kamar yadda muke ci. Mudu ɗaya na metan yana bukatar wajen mudu 10 na iska kafin ya ƙone sarai. Na butan yana bukatar wajen 30. In iska ta isa, harshen wuta shuɗi ne, a tsaye. In ba ta isa ba, sai ya koma rawaya, yana lilo, yana baƙanta tukunya. A nan ne wata guba take fita, ana ce da ita kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana shiga jini ta kama wurin iskar da ke rayar da mu, kuma ta fi ta ƙarfin kamu fiye da sau 200. Mutum ya fara da ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, sai barci. Wani daga barcin ba ya tashi.

Da ya faɗi haka sai gabana ya faɗi. Na ce, "Wannan ai ita ce ta gawayi." Ya ce ita ce. Wanda ya shiga ɗaki da kaskon gawayi lokacin ɗari, ya rufe ƙofa da taga, gubar nan yake shaƙa.

Ya kuma koya mini yadda suke gane ko bututun gida yana yoyo. Akwai wani siririn tiyo mai haske da aka lanƙwasa kamar harafin U, da ruwa a ciki, da ma'auni a jikinsa. Ana haɗa shi da bututun gida, ƙarfin gas ya tura ruwan. Ma'aunin ana ce da shi milibar. Da farko sai a gwada makullin gas na bakin gida: a kai ruwan tsakanin 7 da 10, a rufe, a jira minti ɗaya. In ruwan ya hau, makullin ba ya rufewa sosai. Sannan a kai shi 20 zuwa 21, a rufe, a ba shi minti ɗaya ya natsu, a zuba masa ido minti biyu. In bututun sabo ne, ba a yarda ruwan ya sauka ba ko kaɗan. In tsoho ne da kaya a haɗe, sai an duba littafi a ga abin da ƙa'ida ta ce. Minti biyun nan, in ji shi, sun fi komai wuya, don babu abin yi sai tsayuwa da kallo, ga zuciya tana cewa ai lafiya lau ne, tafi.

Ranar wanka

Jarrabawar kwanaki ake yi ana yin ta. Akwai ta takarda, akwai ta hannu. Duk yamma sai ya kira ni, in ji muryarsa kafin in ji labarinsa.

A ta takarda ya kuskure tambayoyi kaɗan. Aka mayar masa. Ya sa yatsa, ya sake karantawa, ya buɗe littafi, ya gyara. Guda ɗaya ta gagare shi har aka kai ga tambayar baki. Mai jarrabawa ya tambaye shi wata lamba. Ya ce lambar tana bakinsa, ya kusa faɗa, sai ya tuna sati huɗun nan. Ya ce, "Ina so in duba." Aka miƙa masa littafi. Da ya duba, wadda ke bakinsa ta wani inji ce daban.

Ta hannu kuwa a wani babban ɗaki ake yi, an raba shi lungu-lungu kamar ɗakunan gida. A kowane lungu akwai kayan gas, kuma da gangan an ɓata wani abu an ɓoye. Aikinka ka gano. Mai jarrabawa yana tsaye a bayanka da takarda, ba ya cewa uffan.

A wani lungu aka ba shi murhun jin ɗumi. Da ido ba abin da ya same shi. Ya kunna, ya rufe ƙofa da taga kamar yadda ƙa'ida ta ce, ya jira ya yi zafi. Sannan ya kunna wata ashana ta musamman mai yawan hayaƙi, ya kai ta bakin murhun. Da bututun hayaƙi yana ja sosai, da ya zuƙe hayaƙin ya fitar waje. Sai ga shi yana dawowa cikin ɗaki. Ma'ana, duk gubar da murhun ya fitar, mutanen gida ne za su shaƙa.

A ƙa'idarsu matsala mai haɗari hawa biyu ce. Akwai wadda za ta iya zama haɗari nan gaba. Akwai wadda haɗari ce yanzu-yanzu. Wannan ta biyun ce. Sai mai jarrabawa ya buɗe baki, ya mai da kansa mai gida. Ya ce, "Haba malam, ana wannan sanyi za ka kashe mini murhu? Ga yara. Bar shi zuwa gobe."

Taubashina ya ce mini a nan ne ya ji gumi, don shi mutum ne mai jin kunyar mutane. Amma ya amsa a natse. Ya ce murhun nan yana iya kashe yaran a daren nan. Yana neman izini ya raba shi da gas, ya toshe bututun, ya liƙa masa takardar gargaɗi, ya rubuta rahoto. In mai gida ya ƙi, ba zai yi kokawa da shi ba, amma zai kira ma'aikatan gaggawa na gas, su suna da ikon yankewa. Mai jarrabawa ya duƙar da kai ya yi rubutu.

Ran ƙarshe wayata ta yi ƙara ina cikin aji. Na fita. Abin da ya ce kawai shi ne, "Mushe, gaya wa Inna." Na gane. Ya ci tushen, ya ci ta murhun dafuwa, ya ci ta injin ɗuma ruwa. Bayan an kammala takardu katinsa ya zo.

Labari ya dawo gida

Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram a 2011, tukwanen gas sun yawaita a garuruwanmu, har sun fara shiga ƙauye. Ni ma ina da ɗaya, babba, da tiyo da risho. Da taubashina ya samu kati sai na ce, "To gwani, yanzu sai ka koya mini gyaran tawa."

Ya ce, "A'a. Katina bai kai nan ba. Gas na tukunya jarrabawarsa daban ce, ban yi ta ba tukuna."

Na zaci wasa yake. Ashe da gaske yake. Mutumin da ya fi duk wanda na sani sanin gas, shi ne yake gaya mini iyakar saninsa. Ya ce gyara ba zai koya mini ta waya ba, amma akwai abin da ya kamata kowane mai tukunya ya sani. Ya ce in je in duba tiyona.

Na ɗauki fitilar hannu na je. Sai na tuna wani abu, kunya ta kama ni. Ranar da na sayo tukunyar, da na haɗa ta, ashana na ƙyasta na zagaya mahaɗin don in ga ko yana yoyo. Haka na ga ana yi. Abin da ya rusa benen Landan, shi na yi da hannuna, iyalina suna tsaye suna kallo.

A jikin tiyon akwai rubutu ƙanana. Shekara da shekaru ina koya wa mutane karatu, ban taɓa karanta shi ba. Shekarar da ya kamata a daina aiki da shi ce aka rubuta, kuma ta wuce. Da na lanƙwasa shi sai na ga ya tsattsage kamar ƙafar mai kaushi. Na kaɗa ruwan sabulu na shafa a mahaɗi. Sai ga kumfa tana tasowa a hankali, tana kumbura. Tukunyar kuwa a cikin ɗaki take kwana saboda ɓarayi, kusa da tabarmar da yarana suke barci a ƙasa, inda butan yake kwanciya.

A daren na rufe ta na fitar da ita waje. Da safe na sayo sabon tiyo da maɗaurinsa, na sake gwadawa da sabulu, babu kumfa.

Ga abin da ya gaya mini, ni ma na gaya maka:

Tukunyar gas a tsaye ake ajiye ta, a inuwa, inda iska ke wucewa. Ba ta kwana ɗakin barci.

In an gama dafuwa, a rufe daga kan tukunya, ba daga risho kaɗai ba.

Neman yoyo da ruwan sabulu ake yi. Ashana ba ta gwada gas.

In ka ji wari, rufe tukunya, buɗe ƙofa da taga, fitar da mutane. Kada ka ƙyasta komai, kada ka taɓa makunnin lantarki.

Dubi tiyo. In ya tsage, ko ya yi tauri, ko shekararsa ta wuce, canza shi. Kada a ɗaure shi da tsumma ko roba.

Dubi harshen wuta. In ya bar shuɗi ya koma rawaya, risho yana son a duba shi.

Gawayi ko gas, kada a kunna a ɗakin da aka rufe ruf. In mutanen ɗaki suka kama ciwon kai tare, a fita waje nan da nan, a nufi likita.

Kafin mu rabu

Ɗan'uwa, wataƙila kai ma akwai wata jarrabawa a gabanka, ko a gaban ɗanka: ta tuƙin mota, ko ta wata sana'a, ko ta ƙarshen karatunmu na manya. Ba a fafe gora ranar tafiya, wannan kowa ya sani. Abin da ni ban sani ba shi ne, kafin ka fafe sai ka tambayi irin tafiyar. Tambayi waɗanda suka riga ka shiga: me ake tambaya, yaya ake tambaya, me aka yarda ka riƙe a hannu? Da na yi wannan tambaya tun farko, da ban ɓata wa taubashina sati huɗu ba.

Yanzu in ɗalibina ya tsaya a kan kalma ya ce, "Malam, bari in sake dubawa," ba na gaggauta shi. Da nakan ga kamar rauni ne. Taubashina kuwa yana can yana shirin jarrabawar gas na tukunya. Ya ce in ya ci, in ya zo ganin Inna, zai biyo ta Maraɗi ya duba aikin da na yi, ya ba ni maki. Na ce 10 cikin 20 ya ishe ni. Ya ce a wurinsa babu wannan.

In kana da tukunya a gida, kada ka bari sai gobe. Ajiye takardar nan, ka kaɗa ruwan sabulu.

Sai mun sake saduwa. A gaida mutanen gida.